Lungun da wuta ke fakewa a cikin injin sikiramjet

Jiya da daddare na tsaya wurin mai shayin unguwarmu, iskar hunturu na kaɗawa, ya kyasta ashana har sau uku tana mutuwa. Sai da ya jingina wani yankakken gwangwani a gefen risho sannan wutar ta kama. Ina kallonsa hankalina ya koma kan abin da na shafe makonni ina karantawa, wato sikiramjet, wani injin jirgin sama mai tsananin gudu, inda ake son wuta ta zauna daram a cikin iskar da ta fi sauti gudu.

Shi wannan injin ba shi da fanka mai juyawa irin ta jiragen fasinja. Gudun jirgin ne da kansa ke cusa iska yana danne ta. Yayansa, ramjet, yakan rage wa iskar gudu zuwa ƙasa da na sauti kafin ya ƙona mai, amma da zarar jirgi ya haura ninki biyar ko shida na gudun sauti, tsayar da iskar sai ya sa ta yi zafin da ba za a ci moriyarsa ba. Don haka sikiramjet ya bar ta ta wuce a guje.

Ga inda gizo ke saƙa. Iskar tana ratsa ɗakin ƙona mai cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A ɗan wannan lokacin ake so a fesa mai, ya gauraya, ya kama, ya ƙone. Harshen wutar kananzir kuwa, in an bar shi da kansa, ko mita ɗaya ba ya ci a daƙiƙa, alhali iskar na cin sama da mita dubu. Kafin ka ce kwabo ta yi waje da shi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙin gani: a sassaƙa ɗan rami a bangon injin. Iska mai gudu tana tsallake bakinsa, amma wadda ta faɗa ciki sai ta riƙa juyawa a hankali kamar 'yar guguwa. A nan wuta ke fakewa, tana ɗana sabon man da ke wucewa ta sama. Gwangwanin mai shayi ke nan, sai dai an ƙera shi da lissafi.

Gaurayawar ta fi wuya, a ganina. Ka fesa mai daga bango a gicciye, zai ratsa ya gauraya da kyau, amma yana tare iska yana cin ƙarfin injin. Ka fesa shi bi da bi da iskar, asara ta ragu, amma mai da iska su tafi kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba har su fice. Shi ya sa wasu ke kafa siraran ƙarafa a tsakiyar hanyar suna fesawa daga jikinsu, su kuma zafi ke gasa su. Idan kuma wutar ta yi yawa a wuri guda, matsi ya koma baya, injin ya amayar da iskar ta baki.

Jirgin gwaji mai suna X-43A na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kai ninki 9.6 na gudun sauti ranar 16 ga Nuwamba 2004. Haidirojin ya ƙona, aka ɗana shi da iskar silen wadda ke kamawa da kanta in ta taɓa iska, kuma injin bai wuce daƙiƙa goma da 'yan kai yana aiki ba. Ni X-51A na sojan saman Amurka ya fi ba ni sha'awa, domin mai dangin kananzir ya sha, JP-7. Man yakan fara bi ta cikin bangon injin ya sanyaya shi, shi kuma ya ɗau zafi ya farfashe yadda zai yi saurin kamawa. Ranar 1 ga Mayu 2013 ya kai ninki 5.1, wutarsa ta ci kusan daƙiƙa 210, har man ya ƙare ya faɗa tekun Fasifik kamar yadda aka tsara.