Wayar gidanku a hannun wa take kwana?

Shekara 11 na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Wad Madani da ke ƙasar Sudan, kuma duk tsawon shekarun nan ba na ga maciji da waya a cikin aji. Idan na kama ta a hannun yaro, sai ubansa ya tako da ƙafarsa kafin in mayar. Ko a shekarun 2020 zuwa 2022, da hukuma ke katse intanet ɗin waya na wasu sa'o'i duk safiyar jarrabawar Shahada, wato ta kammala sakandare, don hana satar amsa, 'yan kasuwa na ta ƙorafi, ni kuwa a raina cewa nake hakan ya yi daidai.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Karatu ya tsaya, azuzuwanmu suka cika da iyalan da suka gudo. A Disamba Madani ma ta faɗi, muka ɗauki abin da hannu zai iya muka nufi Gadarif wurin dangi. 'Yan ajin ƙarshe da nake shirya wa jarrabawa suka watse: wasu Sinnar da Mai Wurno, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu suka maƙale a ƙauyukan Jazira, jihar da Madani take ciki. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wayar da na yi shekaru ina ƙwacewa ita kaɗai ta rage tsakanina da su.

Na buɗe zaure a WhatsApp. In rubuta darasi a takarda, in ɗauki hotonsa, in bi shi da saƙon murya. Bidiyo cin data gare shi, na bar shi tun makon farko.

Alherin farko ya zo ta inda ban zata ba. A makaranta da Larabci muke koyarwa, littafin ma da shi aka rubuta, kuma aji ya haɗa yare iri-iri, don haka ban taɓa buɗe baki da Hausa a gaban allo ba. Wani dare wani yaro, wanda na daɗe da yanke wa hukuncin cewa kansa ba ya ja, ya turo min saƙo ni kaɗai: "Ustaz, don Allah ka sake faɗa min da maganar gida." Na sake. Na bayyana masa lissafin kusurwa da inuwar bishiya da tsawon sanda, da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa. Washegari ya warware tambayoyi 4 cikin 5. Shekara biyu yana zaune a gabana ban gane ba, ashe harshen ne ya tare masa hanya. Daga nan duk darasi sai in yi shi sau biyu, na kowa da Larabci, na yaranmu da Hausa. Ga kuma abin da aji ba ya bayarwa: saƙon murya ba ya gajiya, ba ya harara. Yarinyar da kunya ba za ta bar ta ɗaga hannu a gaban mutum 60 ba, tana iya sauraren bayani sau goma a bayan ɗaki ba wanda ya sani. Wata uwa ma ta aiko min da gaisuwa, ta ce tare suke saurare idan tana tankaɗe.

Amma a aji fuska nake karantawa. Na san idon da ya gane, na san wanda ke gyaɗa kai don in wuce shi. A waya kuwa alama biyu shuɗɗa kawai nake gani, su kuma shaidar an buɗe saƙo ne, ba shaidar ya shiga kai ba. Ranar da na duba aikin gida na tarar da yara 9 sun turo hoton littafi guda, har da ɗan yatsan mai riƙon a gefe, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba mugunta suka yi ba, turawa ce ta fi tunani sauƙi, kuma babu idon malami a kansu. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar jarrabawa kowa shi kaɗai zai zauna.

Kuskuren da ya fi ci min rai nawa ne. Akwai wata yarinya mai hazaƙa da aikinta ba ya zuwa sai ƙarfe ɗayan dare, wani lokacin ma shiru. Na yi mata faɗa a zaure, a gaban kowa. Da safe mahaifinta ya kira ni. "Malam, a yi mata haƙuri," ya ce. "Wayar ɗaya ce a gidan. Da ita nake fita kasuwa, don ba a ciniki yanzu sai da Bankak, manhajar banki ta waya. In na dawo sai a kai ta caji wurin mai sola, in ta dawo yayanta ya karɓa. Ita ce ta ƙarshe." Na rasa bakin magana, na ce, "Alhaji, ni ne zan nemi gafara." Ni ina lissafin ɗalibai ne, ban taɓa lissafa wayoyi ba. Da na bincika, kusan duk gidan da ake raba waya, mace ce a ƙarshen layi, bayan ta gama girki da wanke-wanke. Benci a makaranta bai san ɗan mai kuɗi ba, kowa gaban allo ɗaya yake kallo. Waya kuwa ta shigo da bambancin gida da gida har cikin darasi.

Sai Fabrairu 2024, shabaka, wato layin waya da intanet, ta ɗauke a kusan ƙasar baki ɗaya. Mu a gabas ta dawo mana bayan wani lokaci, amma ƙauyukan Jazira sun yi watanni a rufe. Mai son magana sai ya taka zuwa kasuwa, ya biya kuɗin sa'a a wurin mai Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, a tsakiyar masu bindiga. Da muka sake haɗuwa na tambayi kowa abin da ya yi. Waɗanda suka saba kwafe darasi a littafi sun yi ta bita. Waɗanda suka bar komai a waya, da yawansu an goge don wuri ya cika, wasu ma an ƙwace wayar a shingen hanya.

A nan na tuna halwa, makarantar allon da na fara zama ina ɗan shekara 5. Ba a wanke allo sai ka biya wa malam ya gamsu cewa karatun ya zauna. Na ɗauko wannan tsari yadda yake. Darasi sau ɗaya a mako, ƙarami, wanda za a iya saukewa cikin minti kaɗan. Kowa ya kwafe da hannunsa. Na daina karɓar hoton amsa. Sai dai yaro ya turo muryarsa yana bayyana min yadda ya bi har ya kai ga amsar, da Larabci ko da Hausa, duk wanda ya fi masa. Murya ba a aronta. Ina jin inda ya yi tuntuɓe, ina jin inda yake karanto abin da bai fahimta ba. Aikin ya ninka min, dare nake raba ina saurare, amma na dawo ina jin ɗalibaina. Wa'adin kawo aiki kuma na mayar da shi mako guda, kuma duk sabon da ya shigo zaure, kafin in tambaye shi inda ya tsaya a littafi, sai in tambaye shi a hannun wa wayar gidansu take kwana.

An zauna jarrabawar da aka ɗage ranar 28 ga Disamba 2024. Waɗanda ke Gadarif na raka su har ƙofa, na tsaya a waje da iyayensu. Na ƙauyukan Jazira da yawa ba su samu hanyar fitowa ba. Cikinsu akwai yaron nan da ya fara roƙona maganar gida. Saƙon ƙarshe da na tura masa, bayanin darasin da ya nema ne, minti 6, kuma har yau alama ɗaya ce a kansa.