Godiya ga duk wanda ya sa hannu a zangon yaranmu na Yankari

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, yara sun koma hannun iyayensu lafiya ƙalau. Tun shekaranjiya saƙonni ke ta shigowa har sun fi ƙarfin amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ga gara in yi rubutu guda a madadin malaman da muka shirya wannan zango na dogon hutu a gandun dajin Yankari, kowa ya ɗauki rabonsa na godiya.

Iyaye ne a gaba. A wannan zamani, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uba ya bar ɗansa, balle 'yarsa, ta je ta kwana a daji. Da muke zagayawa gida-gida, akwai dattijon da tun ba mu gama bayani ba ya ce, "Malam, daji kuma? Ku dai yi haƙuri." Ba mu ga laifinsa ba. Wasu sai da suka ji cewa malamai mata za su bi 'yan matan, da masaukinsu daban, sannan suka saki. Mun gode da amanar da kuka ba mu. Hajiyoyin da suka haɗo mu da masa da dambun nama na guzuri, Allah ya ƙara buɗi. Direbobinmu kuma sun yi ƙoƙari, daga Bauchi ta hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, ga ruwa na zuba, ga surutun yara.

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen wannan tafiya malaman daji ne. Kowa ya san damina ba lokacin kallon namun daji ba ne a Yankari. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya kwanta ko'ina, dabba ba ta da dalilin gangarowa Kogin Gaji kamar yadda take yi da rani. Yaranmu kuwa sun zo da zaki da giwa a ransu, irin wanda suke gani a waya. Fitar farko, in ban da gwaggon biri da gadu da 'yan gwambaza da suka gilma, ba a ga komai ba. Fuskoki duk suka canza.

Sai wani dattijo cikin malaman dajin ya sa aka tsayar da mota, ya ce kowa ya sauko a hankali, ban da magana. Ya nuna masu wani sawu a cikin laka, mai faɗin faifai. Gaba kaɗan ga tulin kashi. Ya sa sanda ya barbaza shi, ya nuna masu ɓawon itace da ƙwayayen 'ya'yan itatuwa da suka fito ba su narke ba, ya ce da haka giwa ke shuka daji tana tafe. Ya kara bayan hannunsa ya ce ya huce, tun cikin dare suka wuce. Sannan ya ɗaga kai ya nuna reshen da aka karya can sama, inda hannun mutum ba zai kai ba, ya dawo ƙasa ya nuna wani ƙaramin sawu a gefen babban. "Da ɗanta take tafe," in ji shi. "Don haka nan za mu juya, jikokina." Daga wannan rana yaran suka daina kallon nesa, suka koma duban ƙasa, kowane sawu sai an yi gardama a kansa, na ɓauna ne ko na gwanki.

A bakin waɗannan bayin Allah yaran suka ji cewa tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma mafi yawan sintirin da ƙafa ake yin sa, a kwana a daji, tsando na cizo. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, amma duk da ƙarancin nan suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. A ɗakin adana kayan tarihi na sansanin an nuna mana tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Wani yaro ya tambaya ko aikin da hatsari. Aka ce masa akwai abokan aikinsu da suka tafi sintiri ba su dawo da rai ba. Allah ya jiƙansu, ya tsare waɗanda ke kan aiki.

Godiya ta musamman ga mai gari da manoman ƙauyen da suka karɓe mu a bakin dajin. A ganina nan aka yi ainihin karatun. Yaran sun iso suna ta rera "a kare namun daji", sai wani manomi ya ja su zuwa gonarsa ta masara, wadda giwaye suka bi ta kai a dare ɗaya. Abin da ba su ci ba sun tattake. Wata yarinya ta ce, "Baba, to yanzu in ka sake ganinsu me za ka yi?" Ya ce, "'Yata, da can da mun nemi maharbi. Yanzu waya muke bugawa, mu kwana muna kaɗa garwa har malaman daji su iso. Amma buga waya ba ya cika rumbu." Samarin da ake kira masu kula da giwa, waɗanda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ɗauka daga ƙauyukan da ke kewaye don su riƙa sanar da motsin garken, su ne ake kira a irin wannan dare.

Da daddare muka raba yaran kashi-kashi: waɗannan manoma, waɗannan makiyaya masu neman inda shanu za su yi kiwo, waɗannan malaman daji, ɗaya kuma mai gari da zai yanke hukunci. Yaron da aka ba sarautar, wanda da rana ya fi kowa baki, zufa ta yi ta karyo masa, don duk wanda ya tashi da gaskiyarsa yake tashi. Mu manya mun saba taruwa a otal ana mana lacca kan shugabanci da majigi. Ban taɓa ganin laccar da ta kai wannan zaman ba.

Haka kullum ake sauya shugaban rukuni. Shi zai riga kowa tashi sallar asuba, ya ƙirga mutanensa kafin a hau mota da bayan an sauko, ya tabbatar ba a bar leda ko ɗaya a ƙasa ba, kuma shi ne na ƙarshen sa hannu a abinci. Ɗan'uwanmu mai nazarin tsuntsaye da ya ara mana madubin hangen nesa, mun gode. Yankari na da tsuntsaye sama da nau'i 350, yara sun ga burtu da cilakowa da shamuwa. Abin da ya taɓa ni shi ne da aka tambayi wanda ya taɓa ganin ungulu a mahautar garinsu, hannuwa kaɗan ne suka tashi, alhali mu da ita muka girma.

Iyayenmu masu girki, sannunku da fama da gwaggon biri. Wanda ya sure ledar burodi ta taga ya hau bishiya yana ci yana kallonmu, har yanzu shi ne labarin da yara ke bayarwa a gida. Nas ɗinmu ta yi ta shafa magani a cizon tsando, ta kwana a kan yaro ɗaya da zazzaɓi ya taɓa har ya warware. Samarin da suka tsaya a bakin ruwan Wikki lokacin wanka, maza da lokacinsu, mata da nasu, ba su ɗauke ido ba ko sau ɗaya. Ruwan nan ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, fitar da yaro daga cikinsa kuwa sai da lallashi. Tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar da suka biya wa marayu kuɗin tafiya sun ce kada a ambaci sunansu, mun kiyaye. Allah ya san ku, ya saka maku da mafificin alheri.

Ruwan sama ya hana mu kaiwa kogon dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, mun kuma yi wa yara alkawarin komawa da rani in Allah ya kai mu, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin Gaji. Hotuna za mu tura wa iyaye kai tsaye, ba za mu sa fuskar yaro a nan ba sai da izininku. Akwai gidan sauro biyu, da tocila, da takalmi ƙafa ɗaya da aka bari a mota, suna ofishin makaranta, mai su ya zo ya karɓa.