Filashin da ya dawo mana da baƙo

Asabar, ƙarfe 10 da rabi na dare.

Sai yanzu na samu na zauna. Yara sun yi barci, wuta ta dawo, kwamfutar tana nan gefena a kan tebur, idanuna kuwa zafi suke yi saboda kallon allo tun hantsi. Ina so in rubuta yadda yau ta kasance tun abin yana sabo a kaina, domin na san wata rana zan buƙaci waɗannan matakan, ko wata malama a makarantarmu ta buƙace su.

Niyyata da safe guda ɗaya ce: in gama shigar da makin jarrabawar zangon farko, tunda ran Litinin ake karɓa. Aji uku nake ɗauka, na riga na gama biyu a cikin Excel, saura ɗaya. Bayan mun karya na baza takardu a tabarma, na kunna kwamfuta, na ce wa babbar 'yata ta miƙo mini filashi. Jiya na aike ta da shi shagon buga takardu na bakin titi, ta bugo mini fom ɗin sakamako.

Ina buɗe shi gabana ya faɗi. Sunayen foldojin duk suna nan, amma kowace an manna mata wata 'yar kibiya a ƙasa ta hagu, girmanta kuma bai wuce kilobayit 1 ko 2 ba. Foldar makin ɗalibai haka, ta hotunan suna haka, har da wadda na sa wa suna "Baba". A cikinta muryar mahaifinmu take, Allah Ya jiƙansa. Shekara biyu kafin rasuwarsa na zaunar da shi a zaure na ɗauki hirarsa da waya, yana ba da labarin yadda kakanninmu suka baro ƙauye suka shigo birni, da sunayen 'yan'uwan da mu ba mu taɓa gani ba. Wayar ta daɗe da mutuwa. Da ma'ajiyar kwamfuta ta cika bara, sai na kwashe fayilolin na zuba a filashi, na goge na ciki. Ke nan babu su a ko'ina a duniya sai a wannan ɗan abu da bai kai yatsana ba.

Na tambayi yarinyar ko ta taɓa wani abu. Ta ce daren jiya ta saka shi don ta duba aikinta na makaranta, ta danna folda ɗaya, wani baƙin akwati ya ƙyafta a allo ya ɓace, sannan foldar ta buɗe. Tana faɗa idonta ya ciko. Na ce mata ba laifinta ba ne, ko ni ce zan danna. Kuma gaskiya na faɗa mata.

Na kira Abban yara, yana Abuja wurin aiki. Ya ce, "Ki yi haƙuri ki rufe ta, Litinin a kai wa masu gyara na Beirut Road a yi mata fomatin, ita da filashin." Na san sauƙi yake nema mini, amma kalmar fomatin ta tsaya mini a wuya. Fomatin ai shara ce ta gaba ɗaya, ba ta bambanta datti da zinariya. Sai na kira ƙanina da ke Kaduna, wanda aikinsa ke nan.

Abu na farko da ya ce: "Yaya, kashe intanet tukuna, kuma kada ki ƙara saka wani filashi ko waya a jikinta." Na kashe datar wayar da muke jona ta da ita. Ya ce in danna dama a kan filashin in shiga Properties in karanta masa abin da na gani. Na ce an cinye gigabayit 6 da wani abu cikin 16. Sai na ji ya sauke numfashi. "To kayanki suna nan. Ɓoye su aka yi, ba gogewa ba. Da an goge, da wurin ya koma fanko."

Wallahi sai da na zauna sosai a ƙasa. Alhamdulillah kawai nake maimaitawa.

Ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya yi mini bayanin yadda yake aiki, kuma na fahimta fiye da yadda na zata. A da, irin waɗannan cututtuka da kansu suke tashi da zarar an soka filashi. Daga Windows 7 Microsoft ta toshe wannan ƙofa, sai masu ƙirƙirar su suka sauya dabara. Yanzu yakan ɓoye foldarka ta gaskiya, ya ajiye shotkot mai sunanta a gurbinta, wato ta bogin nan mai kibiya. In ka danna, sai ya fara tayar da kansa, sannan ya buɗe maka foldar, don kada ka yi zargin komai. Wannan baƙin akwatin da 'yata ta gani ya ƙyafta, shi ne lokacin da ya shiga kwamfutar. Daga nan duk filashin da aka saka sai ya ɗauka. Shi ya sa shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu suke fama da shi, filashi nawa ne ke ratsa kwamfuta ɗaya a wuni?

Muka fara farauta. Ya ce in cire filashin in ajiye gefe, in danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager ya buɗe, inda ake ganin abubuwan da ke aiki a kwamfuta, jerin sunaye rututu, ban san ko ɗaya ba. Ya ce in nemi wscript.exe. Na same shi yana aiki. A nan ya ja kunnena, kuma na ji daɗin da ya yi hakan: shi wscript ba shi ne cutar ba, kayan Windows ne na asali, aikinsa karanta ƙananan rubutattun umarni. Cutar hawansa take yi kamar yadda ɓarawo zai hau keken mai gida. Don haka tsayar da shi za mu yi, ba gogewa ba. Na tsayar. Sai muka koma shafin Startup, inda ake ganin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Can na ga wani suna na haruffa barkatai, ba shi da sunan kamfani a gefensa. Na bi inda yake zaune, ya kai ni cikin wata folda da ake kira AppData, ga fayil mai ƙarewa da .vbs, irin rubutattun umarnin da wscript ke karantawa, kwanan watansa na jiya, ƙarfe 9 da 'yan mintuna na dare. Daidai lokacin da yarinyar ta ce ta zauna a kanta.

Abin da ya fi ɓata mini rai a yau ba bairos ɗin ba ne. Da muka buɗe Windows Security, sai muka tarar mai gadin kwamfutar, wato Defender, a kashe yake. Ba jiya aka kashe shi ba. Ƙanina ya ce galibi masu saka wa mutane manhajojin da ba a biya kuɗinsu ba sukan kashe shi, domin yana kama abin da suke fasa manhajar da shi, in sun gama kuma ba sa mayarwa. Wanda ya shirya mana kwamfutar lokacin da aka sayo ta, ta hannu ce, bai ce mana komai ba. Shekara uku muna kwana ƙofa a buɗe, muna zaton da sakata. Ban ce ya yi da mugunta ba, amma haƙƙinmu ne a gaya mana.

Muka kunna Defender, na buɗe intanet na ɗan lokaci ya sauko da sababbin bayanansa, na sake kashewa. Ƙanina ya ce kada in tsaya a binciken gaggawa, in zaɓi Microsoft Defender Offline. Wannan yakan kashe kwamfutar ya tashe ta a wani yanayi na daban, ya bincika tun Windows bai farka ba, yadda cutar ba ta da damar ɓuya. An rubuta zai ɗauki kamar minti 15. Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta. Batirinmu kuwa ba ya kai rabin awa. Na yafa mayafi, na rungumi kwamfuta a buɗe, 'yata ta biyo ni da caja, muka shiga gidan maƙwabciyata mai sola. Ko tambaya ba ta yi ba, ta zare cajin wayarta ta ba ni wurin, ta kawo mana kunun gyaɗa. Allah Ya saka mata da alheri.

A falonta muka yi azahar. Kwamfutar ta tashi, rahoto ya nuna an kama abu biyu an killace, ɗaya shi ne fayil ɗin nan na .vbs. Na sa cikakken bincike, wanda ya ci fiye da awa biyu, bai ƙara samun komai ba.

Sai aka zo kan filashi, inda zuciyata take. Ƙanina ya ce in saka shi amma kada in danna komai a ciki. Defender da kansa ya yi tsalle ya kama wani fayil nan take. Sannan ya sa na buɗe Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya karanto mini umarni harafi-harafi, ina rubutawa ina maimaita masa. Filashina harafin E yake ɗauka, don haka abin da na rubuta shi ne:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ya ce h ɗin yana cire alamar ɓoyewa, r yana cire alamar hana gyara, s na farko yana cire alamar da ke sa Windows ya ɗauki fayil a matsayin nasa ya ɓoye shi, sauran biyun kuma suna sa umarnin ya ratsa kowace folda da abin da ke cikinta. Sau biyu ina kuskuren tazara tsakanin haruffa. A na uku allon ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya dawo layi sabo, bai ce komai ba. Na buɗe filashin. Ga foldojina rawaya, na gaskiya, kowace a gefen ta bogi mai kibiya. Na goge masu kibiyar ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowace sau biyu kafin in danna.

Ban buɗe foldar maki ba. Ta Baba na buɗe. Fayil 11, duk suna nan. Na danna na farko, sai ga tarinsa, ga ƙarar buta da ya ajiye, sannan ya ce, "To, kin kunna abin?" Ni da maƙwabciyata muka yi shiru. Ƙanina yana kan layi, ya ce in ƙara murya. Mun fi minti biyar babu wanda ya yi magana.

Da la'asar muka dawo gida. Na lura har yanzu kwamfutar tana nauyi, fankarta tana kuka, ƙasanta da zafi. Na sake kira a tsorace, ko akwai saura. Ya ce, "Yaya, ba kowane ciwo ne bairos ba. A ina kike ɗora ta?" Na ce a kan katifa ko a cinya. Ya ce in leƙa ramukan iska na gefe. Ƙurar hunturu ta toshe su kamar an liƙa auduga. Ga ta da ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 4 kacal, ga tsohon faifai mai juyawa. Nauyin nan ya girmi cutar jiya, ni ce ban taɓa tsayawa na lura ba. Ya ce a kai a buɗe a busa mata iska, in da hali a sauya faifan da SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri. Ya kuma tuna mini cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, tamu kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan magana ce ta kuɗi, sai Abban yara ya dawo.

Akwai abin da ya dage a kai, ni ma na ga dacewarsa. Wasu daga cikin irin waɗannan cututtuka ba ɓoye folda kaɗai suke yi ba, sukan buɗe wa wani na nesa hanya ya ga abin da ake rubutawa. Daren jiya intanet a kunne yake. Saboda haka na sauya kalmar sirrin imel ɗina da ta Facebook, daga waya ba daga kwamfutar ba, na kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta isa a shiga ba.

Bayan magariba na kira mai shagon buga takardun. Na yi masa magana a hankali, domin yaro ne mai ladabi, kuma na tabbata shi ma wani ne ya kawo masa. Ya ce kwana biyu ke nan mutane suna dawowa da ƙorafi, shi yana ce musu filashinsu ne ya lalace, har ya yi wa mutum biyu fomatin. Wannan ya tsaya mini a rai. Ko me ke cikin nasu? Na tura masa umarnin nan da matakan da muka bi, ya yi godiya sosai. Na kuma sanar da malaman makarantarmu, tunda rabinmu a shagon muke buga takardu, kuma ran Litinin duk filashinmu kwamfuta ɗaya za su shiga a ofishin jarrabawa. Malamai uku sun amsa cewa nasu ma ya yi kibiya. Ɗaya ta ce gobe da safe za ta zo da nata. Daga yanzu in zan buga takarda, ta WhatsApp ko imel zan tura wa mai shago, filashina ba zai ƙara shiga shagon ba.

Muryar Baba yanzu tana wuri uku: a filashi, a kwamfuta, da Google Drive, inda ake ba da gigabayit 15 kyauta. Ɗorawar ta cinye mini data ba kaɗan ba. Na tura wa ƙanina da yayarmu ta Gusau, ita ba ta ma san na ɗauki hirar ba. Ta kira tana kuka, ta ce a fayil na huɗu ya ambaci sunan da yake kiranta da shi tana ƙarama.

'Yata ta zo ta zauna kusa da ni kafin ta kwanta, ta ce, "Umma, ki koya mini abin da Kawu ya sa kika rubuta." Na ba ta littafinta ta kwafa da hannunta, har da tazarar da ke tsakanin haruffa.

Makin aji ɗaya yana nan ban taɓa ba, yara 47. Gobe bayan asuba, in sha Allah, kafin malamar ta iso.