Mako Guda a Lourdes da Jakar Magani

Na shafe shekara 11 ina aikin jinya, shida a gida Najeriya, biyar a arewacin Ingila, kafin wata abokiyar aikina da haihuwa ta zo mata kusa ta roƙe ni in maye gurbinta a tawagar ma'aikatan lafiya da za ta raka marasa lafiyar dayosis ɗinsu, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, zuwa Lourdes a watan Yulin 2019. Ni 'yar Katolika ce tun haihuwa, kuma tun muna yara a ajin katikisma Sista ta ba mu labarin Bernadette, amma gaskiyar magana ita ce ba ibada ce ta sa na amsa ba. Nas mai rajista suke nema, ni kuwa ina ganin aikin mako guda ne da bai wuce raba magani da juya majinyata a gado ba, wanda nake yi kullum.

Lourdes ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun Pyrenees da suka raba ƙasar da Sifaniya, kuma mazaunansa ba su kai 15,000 ba, duk da haka miliyoyin mutane ne ke zuwa ziyarar ibada kowace shekara. A can, cikin wani kogo da ake kira Massabielle a bakin kogin Gave, wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Bernadette Soubirous ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta sau 18, daga ranar 11 ga Fabrairu zuwa 16 ga Yulin 1858. A ranar 25 ga Fabrairu ne ta tona ƙasa da hannu a cikin kogon har ruwa ya ɓuɓɓugo, kuma wannan idon ruwa ne mutane ke sha, suna wanka da shi, suna cika jarkoki su kai gida. An sauke mu a masaukin marasa lafiya na Accueil Notre-Dame da ke ƙetaren kogin, wanda ke da gado kusan 900. Masaukin ba asibiti ba ne, kowace tawaga da likitocinta da nas-nas ɗinta take zuwa, saboda haka duk nauyin majinyata bakwai da aka ba ni yana wuyana dare da rana.

Na tafi da wani hali wanda ban san ina da shi ba sai da na isa can. Shekarun da na yi a ɗakunan kwanciya inda gado ke ƙaranci sun sa, ba tare da wani ya koya mini ba, na riƙa raba majinyata gida biyu a zuciyata: waɗanda za su tashi su koma gida, da waɗanda likita ya riga ya gama abin da zai iya yi musu. Kowa yana samun maganinsa a kan lokaci, ban taɓa tauye wa wani haƙƙinsa ba, amma hankalina da hirata da murmushina suna wajen rukunin farko. Ga shi kuma an kawo ni inda dukan majinyatana bakwai 'yan rukuni na biyu ne, kuma sun san haka.

Cikinsu akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana aiki a masana'anta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, sai ya yi ta fama kafin kalma ɗaya ta fito. Baba nake ce masa, domin bakina ya kasa kiran mai furfura da sunansa gatsau kamar yadda suke yi a can, shi ma ya karɓi sunan da dariya. Da safe akwai gaggawa, dole a yi wa kowa wanka, a shirya shi, a ba shi magani, a sa shi cikin shuɗin keken nan mai ƙafa uku da 'yan sa kai ke ja kafin lokacin Misa, wato babbar addu'ar coci. Saboda haka idan Baba ya fara magana sai in ƙarasa masa. Ya ce "ina so", in ce "shayi?", ya ce "ina", in ce "tabarau?" A ganina taimako nake yi. A rana ta uku wani yaro ɗan sa kai, wanda bai wuce shekara 17 ba kuma bai san komai game da jinya ba, ya durƙusa gaban keken Baba ya yi shiru kusan minti biyu yana jiran jimla ɗaya ta kammala, ni kuwa ina tsaye ina duba agogo. Da jimlar ta fito, ashe ba shayi yake nema ba, ba kuma tabarau ba. So yake a ratsa da shi ta wajen kunna kyandir domin ranar ce ranar haihuwar matarsa da ta rasu. Kwana uku ke nan yana ƙoƙarin faɗa mini, ni kuma ina cusa masa shayi. Jikina ya yi sanyi.

Daga baya, da na koyi zama in jira, ya gaya mini cewa wannan ne zuwansa na tara. Na tambaye shi, da irin ƙarfin halin da nas kan samu da dare, ko har yanzu yana sa ran warkewa. Ya ɗauki lokaci, sannan ya ce tun zuwansa na biyu ya daina roƙon haka. Abin da ke dawo da shi shi ne a duk shekara wannan ne mako ɗaya tilo da ba a ƙarasa masa magana.

Tsarin wurin kansa yana koyar da wannan ko da ba a buɗe baki ba. A jerin gwanon Jibin Ubangiji na ƙarfe biyar na yamma, da na kyandir na ƙarfe tara na dare inda ake yin rosari, wato addu'ar carbi, da harsuna daban-daban, kekunan marasa lafiya ne a gaba, masu lafiya suna biye. A bakin kogon idan keke ya iso layi yakan dare a ba shi hanya. A babbar majami'ar ƙarƙashin ƙasa mai sunan Fafaroma Pius na goma, wadda aka buɗe a 1958 kuma take ɗaukar mutum kusan 25,000, sahun gaba nasu ne. Mutumin da a garinsu aka saba ajiye shi a lungu, ana tambayar mai tura kekensa abin da yake so maimakon a tambaye shi, a nan shi ake jira. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya ware ranar 11 ga Fabrairu a matsayin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, da ya zo a watan Agustan 2004 jikinsa ya riga ya yi rauni ƙwarai, kuma a wannan masauki namu na marasa lafiya ya kwana.

Ba zan ɓoye cewa akwai abin da ya ɓata mini rai ba. Daga ƙofar harabar zuwa cikin gari shaguna ne jere reras, cike da robobin ruwa masu siffar Maryamu da kyandirori da sarƙoƙi, ga otal-otal ko'ina. Amma da zarar an shiga ƙofa wannan hayaniyar ciniki ta ƙare, ruwan kyauta ne, wankan ma kyauta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne ofishin likitoci da ke cikin harabar. Tun 1883 aka kafa shi domin bincikar duk wanda ya ce ya warke, kuma kowane likita ko ma'aikacin lafiya da ya zo garin, ko mene ne addininsa, yana iya zuwa ya yi rajista. Na shiga ina tsammanin zan tarar da masu neman tabbatar da mu'ujiza ko ta halin ƙaƙa, sai na tarar da mutanen da suka fi ni tsanani. Ƙa'idojin da ake bi sun samo asali ne daga Kadinal Lambertini, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 14: dole cutar ta kasance mai tsanani wadda aka tabbatar da ita da gwaji, kada a sami wani magani da za a iya jingina warkewar gare shi, warkewar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, kuma ta ɗore shekaru ba tare da cutar ta dawo ba. Idan ofishin ya gamsu sai a miƙa wa kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa, su kuma iyakar abin da za su ce shi ne ilimin likitanci na yanzu ba shi da bayani a kan abin da ya faru. Kalmar mu'ujiza ba ta fitowa daga bakin likita, bishop ɗin dayosis ɗin wanda ya warke ne ke da wannan hukunci. Daga cikin rahotanni sama da 7,000 da aka kai, a lokacin da na je 70 kacal Coci ta amince da su, ta ƙarshensu ita ce Sista Bernadette Moriau, wadda ta warke a 2008 aka amince a 2018. Akwai wani sojan ruwa daga Liverpool, John Traynor, wanda ya sami raunuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kuma ce ya warke daga farfaɗiya da shanyewar hannu a 1923. Sai a watan Disambar 2024 aka amince da nasa, bayan shekara 101. Ruwan ma an gwada shi tun 1858, aka ga ruwan sha ne kamar kowane, ba shi da wani sinadari na magani.

Wannan sani ya yi mini rana a dare na huɗu. Wata mata cikin majinyatana, mai kimanin shekara 50, wadda ciwon suga ya fara taɓa mata ƙoda, ta shiga wurin wanka da rana. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, wajen digiri 12, mata 'yan sa kai suka naɗe ta da zane, suka riƙe ta, suka yi addu'a tare, suka tsoma ta. Ta fito tana kuka, ta ce ta ji kamar an sauke mata wani kaya da ta daɗe tana ɗauke da shi. Da dare na zo da allurar insulin sai ta ce ba za ta karɓa ba, domin karɓar allurar nuna rashin bangaskiya ne. Nan take na tuna waɗanda aka riƙa kawo mana a sume a asibitin da na fara aiki a gida, bayan wani mai addu'a ko mai magani ya ce su zubar da ƙwayoyinsu, wasu kuma ba su farfaɗo ba. Raina ya ɓaci, na shiga lissafa mata abin da zai sami ƙodarta da idanunta, da murya irin ta mai faɗa da yaro. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma sai ta juya fuska bango.

Wani tsohon Fada, wato limamin coci, da ke tare da tawagar ne ya zo ya zauna a bakin gadonta. Bai musa mata abin da ta ji ba. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce idan Allah ya warkar da ita gwajin jini zai nuna, kuma likitocin da ke ƙetaren kogin ba za su karɓi maganar kowa ba sai da takardun gwaji na kafin da na bayan, saboda haka ta bar nas ta yi aikinta, likitanta ne zai rage allurar idan lokacin ya yi. Ya kuma tuna mata cewa Bernadette kanta, wadda ta tono ruwan da hannunta, ta yi fama da fuka tun tana ƙarama, ta bar Lourdes a 1866 zuwa gidan Sistoci a Nevers ba ta sake dawowa ba, kuma tarin fuka ne ya yi ajalinta a 1879 tana da shekara 35. Matar ta miƙo hannu na auna sukarin, ya yi sama kamar yadda na zata, ta karɓi allurarta. Na daɗe ina tunanin daren nan. Ni da Fada abu ɗaya muke so, kuma hujjojina sun fi nasa yawa, amma ni na fara ne da ƙaryata abin da ya faru da ita a cikin ruwan, alhali ban shiga tare da zuciyarta ba. Washegari ta gaya mini cewa kayan da ta ce an sauke mata gaba ce ta shekara 12 tsakaninta da ƙanwarta, kuma ta riga ta kira ta a waya. Babu wani fom a jakata mai gurbin rubuta irin wannan.

Mun dawo da majinyata bakwai kamar yadda muka tafi da su, babu wanda ya ajiye kekensa. Abin da ya sauya a aikina ƙanana ne, wanda ba zai shiga rahoton kowa ba. Na daina fara zagayen safe daga gadajen masu shirin sallama, ina farawa daga waɗanda aka daina yi wa alkawari. Idan majinyaci ya kawo ruwan Lourdes, ko ruwan Zamzam, ko man da aka yi masa addu'a a kai, ba na ƙara yin fuskar da na saba yi. Ina tambayarsa yadda yake amfani da shi, in tabbatar ba zai taɓa ciwon da aka ɗaure ba kuma ba zai maye gurbin magani ba, sannan in matsar masa da shi kusa da hannu. Gaggawar kuwa ba ta bar ni gaba ɗaya ba, domin ɗakin da nas biyu ke kula da gado ashirin ba Lourdes ba ne, kuma har yanzu nakan kama kaina ina ƙarasa wa mutum magana, sai in tsaya in ce masa ya ci gaba.

Baba ya rasu a watan Janairun 2020. 'Yarsa ta aiko mini da saƙo ta hannun abokiyar aikina cewa ya bar mini wani abu, na je na karɓa. Guntun kyandir ne na jerin gwanon dare, da takardar nan da ake zagaye shi da ita don kada iska ta kashe wutar, a jikinta ya rubuta da hannun hagu, haruffan sun karkace, ranar haihuwar matarsa da kalmar da nake kiransa da ita.