Ɗakin yaƙi a ƙarƙashin ƙasa, Uxbridge

Jirgin ƙasa na layin Metropolitan ya sauke ni a Uxbridge, tashar ƙarshe a yammacin Landan, ana ɗan yayyafi. Na taka da ƙafa ta cikin sababbin gidajen da aka gina a tsohon barikin sojan sama, har na hango jiragen yaƙin Birtaniya samfurin Spitfire da Hurricane na kwaikwayo an kafe su a waje. Hurricane ɗin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu: daga 1940 ta Kano da Maiduguri ake bi da irinsa, daga Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau zuwa Masar.

Matakala 76 ake sauka, zurfin kusan ƙafa 60, zuwa ɗakin da aka riƙa ba jiragen Birtaniya umarnin kare Landan daga Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Wani dattijo da ke gabana sai da ya tsaya ya numfasa, hannunsa a kan ƙarfen dafawa. A ƙasan kuwa ba bindiga, ba harsashi. Wani makeken teburi ne da taswirar kudancin Ingila da gaɓar Faransa, an jera masa ƴan katakai masu lambobi. Kowane katako ayarin jirage ne, da yawansu. Radar ta hango Jamusawa tun suna kan teku, masu leƙen sama su ɗora da zarar sun shigo tudu, labari ya iso ta waya, matan rundunar sama su tura katakon da doguwar sanda. Agogon bango ne ya fi riƙe ni. An yanka fuskarsa da ja da rawaya da shuɗi, kowane launi minti biyar, ana kuma sa wa kowane labari a kan teburin launin lokacin da ya iso, don mai ba da umarni ya gane da kallo ɗaya ko labarin ya tsufa.

An bar teburin yadda yake ranar 15 ga Satumba 1940, ranar da Jamus ta turo ɗaruruwan jirage kan Landan. Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, yana zaune a bene yana kallo, ya tambayi kwamandan wurin, Keith Park, mutumin New Zealand, jirage nawa suka rage a ajiye. Park ya ce babu ko ɗaya. Da yamma aka yi shelar an kakkaɓo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi aka gano kusan 60 ne. Ko a Ingila ma ana ƙara gishiri. Duk da haka, bayan kwana biyu Hitler ya ɗage shirin mamaye ƙasar.

A ganina masu yabon wurin nan suna saurin tsallake batun hare-haren dare. Da Jamusawa suka koma zuwa cikin duhu, matuƙan Birtaniya sun yi ta laluben sama ba sa ganin kowa. A daren 14 ga Nuwamba jirage kusan 500 suka ƙone tsakiyar Coventry, mutum fiye da 500 suka mutu. Can na nufa washegari, ta tashar Euston.