Abin da rabon maganin zazzaɓi ya koya mini game da isar da saƙo

Duk damina a jihar Sakkwato ana bi gida-gida, wata-wata, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ina cikin matan da suka yi wannan aiki a ƙauyukan Kware. Maganin na kwana uku ne. Ranar farko a gabanmu yaro ke sha, sauran kwana biyun uwa ke ba shi bayan mun tafi. Ke nan aikin ya rataya ne a kan 'yar maganar da za a yi a tsakar gida.

A makaranta mun haddace tambayoyin da Harold Lasswell, masanin siyasa da sadarwa ɗan Amurka, ya tsara a 1948: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, kuma me ya biyo baya. A shekarar ce Claude Shannon, injiniya a Amurka, ya bayyana yadda hayaniya ke gurɓata saƙo a waya. Hayaniyar injin niƙa da kukan goyo mai sauƙi ce, ɗaga murya kawai za ki yi. Mai wuyar ita ce wadda ba a ji: jita-jitar da aka kwaso a gidan suna, ko tsoron maigida bai ba da izini ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne batun martani, wanda masanin sadarwa Wilbur Schramm ya jaddada a 1954, wato mai saurare shi ma mai aiko saƙo ne. Sai dai a wurinmu martanin ba ya zuwa da kansa. Ƙaramar mace, musamman idan uwar mijinta na zaune, ba za ta ce miki ba ta gane ba. Za ta sunkuyar da kai ta gyaɗa, ke kuma ki tafi da murna. Don haka na kan ce, "Yaya, gobe idan ba na nan, nuna mini yadda za ki ba shi." Nan ake ganin wadda ke shirin haɗa ƙwayoyin biyu rana ɗaya, da wadda za ta adana su sai yaro ya yi zazzaɓi. Haka sunan ɗan fari: kada ki takura wa uwa ta faɗa, tambayi kishiya ko wata yarinya a gidan.

Akwai kuma tambayar da na sha ji a ƙofar gida: "Wa yac ce a ba su?" Mai tambayar nan bayanin magani bai dame shi ba, yana son sanin bakin da maganar ta fito. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa, da suka nazarci zaɓen Amurka na 1940, sun gano saƙon rediyo da jarida yakan fara isa ga wasu mutane da ake jin maganarsu, daga nan ya bazu. Ni dai a ganina Sakkwatawa sun daɗe da sanin wannan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta bi ƙauyuka da ƙafarta ba. Jajiyoyi ta naɗa, dattawan mata da aka yarda da su, ta ba su malfa, suka kai waƙoƙin karatu ga 'Yan Taru, wato matan ƙauyuka masu taruwa don neman ilimi.

Shi ya sa idan muka sauka gari, gidan maigari muke fara zuwa, sai liman, sai ungozoma. Ungozomar nan ita ta yanke cibiyar yawancin yaran, kuma gidan da ta raka mu ba mu cika tsayawa dogon bayani a zaure ba. Idan wata ya zagayo kuma ita muke fara tambaya gidajen da aka bar maganin a cikin kwalla.