Takardar ABRSM da ranar gwajin murya

Ƙanwata ta shafe shekara shida tana jarrabawar ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa da waƙa ta Birtaniya, har ta kai mataki na 8 a waƙa. Da ta tashi neman gurbin karatun murya a Landan, na zaci takardar ce za ta buɗe mata ƙofa. Ina! Masu tantancewar ko zancenta ba su yi ba, muryar kawai suka saurara: waƙa ɗaya da Italiyanci, ɗaya da Jamusanci.

Sai dai da aka miƙa mata waƙar da ba ta taɓa gani ba aka ce ta rera nan take, ko gezau, don tun mataki na 1 ake gwada ta haka. Kuɗin jarrabawar kuwa ni na biya, aljihuna ya shaida.